Damin Inna Ɗaso

Tun ranar da Zubaidatu ta fara taka gidan Alhaji Idrisu a unguwar Shisha da ke Makka ta gane ko wane ne shi. Tana zaune a falon mata, an miƙo mata gahawa da dabino, sai ta jiyo muryar tsoho ta bayan bango yana yi wa jikokinsa faɗa, wai shi da ya tashi a Tudun Kanya bai san takalmi ba sai da gemu ya fito masa. Saura kaɗan ɗan kofin ya suɓuce mata. Tudun Kanya garinsu ne. Can aka yanke mata cibiya, can kuma aka binne mahaifiyarta. Amma da matar gidan, Hajiya Saudatu, ta tambaye ta 'yar ina ce, sai ta ce wajen Kano, ta kurɓi gahawarta, aka wuce wurin.

Ba ƙarya ta yi ba, kuma ba tsoro ne ya rufe mata baki ba, don Zubaidatu ba ta cikin matan da ake razanawa. Sunanta na yanka Rifkatu, autar Malam Ishaya, wanda ya daɗe yana jagorancin majami'ar Tudun Kanya. Tana jami'a ta musulunta, ba don saurayi ba, ba don wani ya ja ta ba. Karatu ta yi, ta auna, ta yanke. Ranar da ta je gida ta faɗa, mahaifinta bai zage ta ba, bai ɗaga mata hannu ba. Tambaya ɗaya ya yi mata, ko har sunan ta ajiye, domin sunan mahaifiyarsa ne ya sa mata. Da ta ce ta ajiye, sai ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki. Tun daga ranar ba ta ƙara jin muryarsa ba.

Daga baya ta auri Uzair, suka taho Makka, shi yana babban digirinsa, ita tana karatun fiƙihu a sashen mata. Uzair ya san asalinta, amma ban da shi babu wanda ya sani. Ta riga ta ga yadda ake yi da tubabbiya a taron mata. A zaunar da ita a tsakiya a ce ta ba da labari, wannan ta share hawaye, waccan ta kawo mata tsohuwar abaya, wata kuma da ko haruffa ba ta gama fitarwa ba ta ce bari ta gyara mata Fatiha. Zubaidatu ta ƙudura ba za a yi wannan kallon da ita ba. Ta kama bakinta, ta riƙe girmanta, har ta zama malamar da Hajiya Saudatu ke aika wa mota duk Alhamis ta zo ta koya wa 'yan matan gidan karatu.

Sai dai shirun yana da nauyi. Ɗakinsu na haya a Kudai yana kallon tashar manyan motocin alhazai, kuma in Uzair ya fita takan tsaya a taga tana kallon mutanen duniya suna hawa suna sauka, kowa da ayarinsa, kowa da wanda zai kira a gida ya ce ya iso lafiya. Lahadi a nan ranar aiki ce kamar kowace, amma da safiyarta takan farka da amon tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin kanya, wanda shi ne ƙararrawar majami'arsu. Ba sujadar take kewa ba, mutanen take kewa. In sun dawo daga Jidda suka iso inda allo ke nuna wa wanda ba Musulmi ba hanyar da zai ratse, sai ta kau da kai. Ko da mahaifinta ya huce, ba zai taɓa ganin ƙofar ɗakinta ba. Ga kuma mutum ɗaya tak a duk faɗin Makka da ya san inuwar kanyar nan, yana bayan bango duk Alhamis, ba ta taɓa ce masa sannu ba.

Wata safiya tana shirin fita makaranta sai saƙon murya ya shigo wayarta. Yayarta ce, Lai'atu, wadda rabonta da ita tun kafin aure. Babu sallama, babu tambayar lafiya.

"Hajiya 'yar Makka, in har yanzu kunnenki na jin Hausar ƙauye, to ki saurara."

Kwalta ta iso Tudun Kanya, in ji Lai'atu, ƙasa ta yi daraja. Sabi'u, jikan Malam Hashimu wanda asalin filin nasa ne, ya kawo masu awo sun kafa turaku a filin majami'a, layin ya ratsa ta maƙabarta, turke ɗaya yana daf da kan kabarin mahaifiyarsu. Hujjarsa ita ce duk kaka majami'a na kawo damin gero zauren gidansu, kuma kowa ya san wanda ke kai dami zauren wani aron gona yake ci, ranar da mai ita ya so sai ya karɓi abarsa. Dagaci ya saurari Baba, amma ya ce Baba ba zai yi wa kansa shaida ba, kuma yana jariri aka yi abin. Cikin 'ya'yan Malam Hashimu saura ɗaya a raye, Alhaji Idrisu na Makka, abin da ya faɗa shi za a bi. An kira shi a waya, ya ce in dai ana kai dami, to aro ne. Yanzu jira kawai ake a gama girbi a shigo da motar rusau.

"Baba bai san na aiko miki ba," in ji Lai'atu a ƙarshe. "Ke kika riƙa bin Kaka da damin nan. In kin manta, shi ke nan."

Zubaidatu ba ta je makaranta ba ranar. Ba ta manta ba. Tarihin filin nan a bayan Kaka Kande, mahaifiyar babanta wadda sunanta na majami'a Rifkatu, ta sha shi, tana rataye da ita a hanya.

Kakanta Nomau, mijin Kande, Bamaguje ne. Ciwon ido ya kai shi asibitin mishan, ya dawo da idonsa garau, da littafi a hannu, da sabon suna Yohanna. Danginsa suka ce ba a tsakar gidansu zai yi waƙe-waƙensa ba. Ya bi gari yana neman inda zai kafa rumfa, kowa na ba shi haƙuri, sai Malam Hashimu, manomi mai makarantar allo, ya kai shi wani faƙo bayan kanya inda ko ciyawa ba ta son tsirowa. A gaban dagacin wancan zamani aka raba goro, Malam ya ce ya ba shi, shi da jikokinsa, in ya iya sa dutse ya yi gero. Majami'ar farko ta zana ce, gobarar daji ta lashe ta. Suka yi ta ƙasa, damina ta kwantar da bango guda, suka sake ɗagawa. Rufin kwano sai da Kaka ta yi furfura ta gan shi. Faƙon kuwa, mata ne suka riƙa ɗebo taki a ka, shekara bayan shekara, har ƙasar ta yi laushi ta karɓi iri. Suka jera darbejiya a kan iyaka, suka ware yammacin filin domin matattunsu. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya kai wa kowa dami.

Damin ya samo asali ne shekarar agana. Ciwon ya kwantar da Kande tana goyon Ishaya, nono ya ƙafe, jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Mutane suna gudun gidan. Sai Ɗaso, matar Malam Hashimu, wadda ita ma take goyon Idrisu, ta yafa zanenta ta shigo ba tare da ta nemi shawarar kowa ba, ta ɗauke yaron ta tafi da shi. Ta shayar da su biyun har yaye. Tagwayena take ce musu, nata ta kira shi Hasan, na Kande kuma Usaini. Kande ta tashi da zanzana a fuska, kuma tun daga kakar shekarar take yanko dami ɗaya daga gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, ba daga gandun majami'a ba, ta ɗora a ka ta kai wa Ɗaso. Ba ta zaure take bi ba. Ta ƙofar baya take shiga, inda mata ke fita ɗiban ruwa, ta sauke shi a ƙofar ɗakin Ɗaso, su zauna su yi ta tsokanar juna a kan wace ce ta fi tsufa. Zubaidatu tana yarinya ita ke riƙe wa Kaka gammo da sanda.

Kande da Ɗaso suka rasu kusa da juna. Idon Malam Ishaya ya yi rauni, aka turo wani matashin fasto daga birni. Ya tarar ana maganar dami, ya ga al'ada ce mai kyau ta zaman lafiya, sai ya ce a ƙara mata daraja. Ya sa aka zaɓo dami mafi girma daga gandun majami'a, dattawa maza suka raka shi, aka sauke a zaure a gaban mutane. Kowa ya yaba. Babu wanda ya lura cewa an mai da godiyar nono ta zama ladan gona.

Da Uzair ya dawo da azahar ta faɗa masa za ta je ta ga Alhaji Idrisu. Uzair mutumin kirki ne, amma mai taka-tsantsan. Ya ce ta duba inda suke. Ɗalibar shari'a, a Makka, ta tsaya tana kare filin coci, me mutane za su ce, me malamansa za su ji? Ya ce ta bari shi ya sami ɗan Alhajin su yi magana ta maza a ɓoye, ba sai an ambaci sunanta ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin ƙofar ɗakin Ɗaso. Ya ce a'a. Ta ce to shaidar me zai bayar?

"Ba coci nake karewa ba," in ji ta. "Abin da na gani da idona zan faɗa. Kuma uwata tana kwance a wurin."

Bai hana ta ba, bai kuma ce zai raka ta ba. Ya ce Allah ya sa a dace, ya jawo littafinsa.

Ranar Alhamis bayan la'asar mota ta zo kamar kullum. Falon Hajiya Saudatu a cike yake, don ranar ce matan unguwa ke haɗuwa, ana hira ana tsoma Larabci cikin Hausa kamar ana sa yaji a miya. 'Yan matan sun jera Alƙur'anansu suna jiran malama. Zubaidatu ba ta zauna ba. Ta ce da Hajiya tana son ganin Alhaji.

Hajiya ta yi dariya ta ce tsohon nan ko ita sai ta tara maƙwabta da ihu kafin ya ji, malama ta faɗa mata saƙon ita za ta kwarara masa. Zubaidatu ta ce ba maganar aike ba ce. Kafin a ankara ta ratsa barandar da ke raba ɓangaren mata da na maza, ta yi sallama a ƙofar majalisa, falon maza, ta shiga.

Tsohon yana kishingiɗe a kan kilishi da carbi a hannu, ɗansa Mish'al yana zuba masa shayi. Mish'al ya miƙe a ruɗe, yana ce mata da Larabci ta yi kuskuren ƙofa. Ta amsa masa da Larabcin da ya fi nasa tsabta, ta ce ba ta yi kuskure ba, shi ne zai ɗan fita, domin shi ba muharraminta ba ne, amma mahaifinsa muharraminta ne. Mamaki ya fitar da shi. A bakin ƙofa ya yi karo da mahaifiyarsa da ƙanwarsa Haifa da sauran matan da suka biyo baya.

Zubaidatu ta durƙusa a gaban tsohon, ta ɗage niƙabinta. Wata daga cikin matan ta yi salati.

Ta fara magana a hankali, don tana fatan abin ya tsaya tsakaninsu. Tsohon ya kafa hannu a bayan kunne ya ce bai ji ba. Ta ƙara murya. Ya girgiza kai. Nan ta gane cewa abin da ta yi shekaru tana rufewa ba zai fita da raɗa ba, sai dai duk gidan ya ji. Ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta buɗe murya irin wadda take karatu da ita a aji.

"Hasan na Inna Ɗaso, ina wuni. Ni 'yar Usaininka ce. Ishaya ɗan mai bishara, na majami'ar gindin kanya, wanda kuka sha nono ɗaya."

Carbin ya tsaya. Tsohon ya ƙura wa fuskarta ido. Tun da ya baro gida yana saurayi, ya biyo ayari ta Sudan, babu wanda ya sake kiransa da wannan suna.

"Goshin Kande ne," ya ce. "Sak."

Daga ƙofa Hajiya Saudatu ta ce, "Alhaji, ashe kana da ɗan'uwa Kirista, duk zaman nan ban sani ba?"

Wannan kam ya ji. Ya ce ai ba ta taɓa tambayarsa ba, ita da ba ta tambayar komai sai kuɗin cefane. Babu wadda ta yi dariya.

Zubaidatu ta faɗa masa maganar turaku da kabarin mahaifiyarta. Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce shi bai zalunci kowa ba, Sabi'u ya ce masa ana sauke dami a zaure, kuma shi ɗan manomi ne, ya san abin da dami a zaure ke nufi. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce Baffa ya bar zamanin Sabi'u, ya koma nasa. A zamaninsa wa ke kawo damin, maza ko mace? Ta wace ƙofa ake shiga da shi? Ya taɓa ganin Malam ya sa shi a rumbu tare da hatsin gida?

Tsohon ya rufe ido. Can ya fara magana kamar mai karanto abu daga nesa. Ya ce a kan rufin ɗakin Inna ake ɗora shi. Ya ce wata shekara hatsi ya yanke musu kafin damina, yayansa ya hau zai sauko da shi, Malam ya daka masa tsawa ya ce wannan ba na gida ba ne, haƙƙin nonon uwarku ne, sai in ita ta ba ku. Ya ce furar geron nan Inna ba ta ba kowa sai shi da Usaini, a ƙwarya ɗaya, kuma Usaini ya fi shi saurin ludayi.

Ya buɗe ido ya kira Haifa, ya ce ta kawo wayarta ta ɗauki muryarsa a aika wa dagaci da Sabi'u. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya ce filin nan kyauta ne, Malam ya bayar da goro a gaban shaidu, ba a karɓar kyautar mamaci. Damin kuwa na nono ne, ba na ƙasa ba. Ya ce a cire turakun, kuma duk wanda ya taɓa kabari ɗaya a wurin, shi da Allah, ba da yawunsa ba.

Daga nan ya tambaya ko Usaini yana da waya. Zubaidatu ta karanto lambar da ka. Ba ta taɓa kiran ta ba tun da ta bar gida, amma ba ta taɓa mantawa da ita ba. Haifa ta buɗe sautin don tsohon ya ji.

Muryar da ta amsa ta tsufa, ta yi siriri, amma tasa ce. Zubaidatu ta dafe kilishi da hannu biyu. Tsofaffin suka yi ta ihu a kunnen juna, wannan ya ce Hasan, wancan ya ce Usaini, suna tambayar mutanen da duk sun mutu, suna gardama a kan wa ya faɗo daga kanya ya karye. Alhaji ya faɗa masa abin da ya aika wa dagaci. Malam Ishaya ya yi godiya, sannan ya tambaya wa ya tuna masa da wannan tsohon zance.

"'Yarka mana. Ga ta nan durƙushe a gabana, ta shigo mini majalisa kamar soja. In ba ta?"

Shiru ya yi tsawo har Haifa ta duba ko layin ya yanke. Zubaidatu ba ta miƙa hannu ba. Ta yi alkawari da zuciyarta ba za ta roƙa ba.

"An ce rana tana da zafi a can," in ji Malam Ishaya. "Ka ce ta riƙa shan ruwa."

Sai layin ya mutu.

Ta sauke niƙabinta, ta yi wa Baffa sallama, ta ratsa ta tsakiyar matan da suka dare mata hanya, ta koma falo ta zauna a wurinta. Ta ce da 'yan matan su buɗe inda aka tsaya makon jiya. Ta yi darasinta har ƙarshe, muryarta ba ta karye ba ko sau ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki Lai'atu ta turo hoto, babu magana a ƙarƙashinsa. Ramukan da aka zare turaku ne, da kabarin mahaifiyarsu an share shi an jera masa duwatsu. Zubaidatu ta rubuta mata godiya, ta ga alamar an karanta, amsa ba ta zo ba.

Alhamis ta gaba mota ta zo. Kamar yadda ta zata, an ajiye mata matashi a tsakiyar falo, kuma wata baiwar Allah ta riga ta naɗo mata abaya a leda. Suka ce malama ta ba su labarin yadda Allah ya shirye ta. Ta ture matashin gefe ta zauna inda ta saba. Ta ce labarinta nata ne, amma in suna son labari za ta ba su na wata mace mai suna Ɗaso, wadda ta shiga gidan agana lokacin da maza ke gudu. Wasu suka saurara, wasu suka koma hirarsu. Ledar kuwa a nan ta bar ta.

Da ta koma Kudai Uzair bai dawo ba tukuna. Motocin alhazai suna ta shiga suna fita a ƙasa, zafin yamma yana tasowa daga kwalta. Ta ajiye jakarta, ta ɗauko kofi ta cika shi da ruwa, ta je taga ta tsaya. Ba ta jin ƙishi, amma ta shanye shi duka.